Kujerar Baba: Hajji shida ana ce mana "lokaci ne bai yi ba"

Ɗan Fari:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da abin da ya tsaya mini a wuya, kuma ba zan iya faɗinsa a gida ba, shi ya sa na kawo nan. A ƙarshen 2019 mahaifinmu ya sayar da fadamarsa da bijimai biyu, ya haɗa naira miliyan ɗaya da rabi, ya kai hukumar alhazai ta jiharmu. A lokacin kuɗin kujera kusan haka yake. Har bita ya fara zuwa, tela ya auna shi. Sai korona ta shigo, 2020 ba a je ba, 2021 ba a je ba. Da aka buɗe a 2022 sai Saudiyya ta ce wanda ya wuce shekara 65 ya dakata, Baba kuwa yana da 66. A 2023 aka ɗage sharaɗin shekaru, amma kujera ta kusa miliyan 3, ciko ya gagare mu. A 2024 muka yi karo-karo mu 'ya'yansa, aka ce kusan miliyan 5, ana tsaka da neman ciko aka ƙara wajen miliyan 1.9. A 2025 ta haura miliyan 8. Abin da ke hannunmu bai fi miliyan 4 ba. Kamar mai bin inuwarsa, muna matsawa tana matsawa.

Duk wanda ya zo gaishe shi sai ya ce "Malam, kira ne bai zo ba, lokaci ne bai yi ba." Shi kuma ya ce haka ne. Ni kuwa wallahi kalmar ta fara ƙona mini rai. Fadama ta tafi, shanu sun tafi, gwiwarsa ta fara ciwo. Ina tambaya tsakani da Allah: wannan haƙuri ne muke yi, ko yaudarar kanmu muke yi da sunan haƙuri? Kuma in zuciyata ta yi zafi, na yi saɓo?

Maman Khalifa:
Wa alaikumus salam. Allah sarki. Ƙanena ka yi haƙuri, wani jinkirin alheri ne. In Allah ya rubuta Baba zai taka Arfa, ko kujera ta kai miliyan 20 sai ya taka. Rabon kwaɗo ba ya hawa sama.

Direban Tifa:
Hajiya, abin da yaron nan ya ce ya gaji da ji shi kika sake maimaita masa.

Maman Khalifa:
To ƙarya na faɗa? Gaskiya ai ba ta tsufa.

Mai Lissafi:
Ba ƙarya kika faɗa ba Hajiya, amma bari mu raba abu biyu da ake cusa mana a buhu ɗaya. Korona annoba ce, babu wanda ya aiko ta, wannan na yarda a ce ƙaddara a yi shiru. Amma abin da ya cinye kuɗin Baba ba annoba ba ce. Lokacin da ya ajiye kuɗinsa dala tana wajen 360 a kasuwa. A watan Yunin 2023 aka saki naira ta nemi farashinta da kanta, kafin watanni takwas dala ta wuce 1,500. Kuɗin Hajji kuwa kusan duk da dala da riyal ake lissafa shi: jirgi, masauki a Makka da Madina, tantin Mina, guzuri. Wato miliyan ɗaya da rabin da ya ajiye ta kai dala dubu huɗu da wani abu a 2019, a 2025 da ƙyar ta kai dubu ɗaya. Ba aljani ne ya ɗauke ba. Mutane ne suka zauna a ofis suka yanke shawara, talaka ya biya.

Abin da ke ba ni haushi da mu shi ne, kowane irin sakaci muna da ayar da za mu lulluɓe shi da ita. Asibiti babu magani, ƙaddara. Malaman jami'a sun yi yajin aiki wata takwas a 2022, yara sun tsufa a gida, lokaci ne bai yi ba. Shugabanni sun fi kowa son jin wa'azin haƙuri, domin su yake yi wa aiki.

Ɗan Tsangaya:
Ka ji tsoron Allah. Wato faɗuwar naira ta fita daga ƙudurar Allah ke nan? Ganye ba ya faɗuwa sai da saninsa.

Mai Lissafi:
Ban ce ta fita ba. Ɓarawon da ya haura gidanka ma bai fita daga ƙudurar Allah ba, amma ai kotu kake kai shi, ba "Allah ya ƙaddara" kake ce masa ka ba shi ruwa ba.

Malam na Bakin Kasuwa:
Ku dakata ku biyun, kuna jayayya a kan abin da ba ku saɓa ba. Abu yana iya zama ƙaddara a kan wanda ya same shi, kuma ya zama laifi a kan wanda ya jawo shi. 'Yan uwan Annabi Yusufu sun jefa shi rijiya, Allah ya juya abin ya zama hanyar ɗaukakarsa, amma hakan bai wanke su ba sai da suka nemi gafara. Wannan ke nan. Ni Ɗan Fari nake so in yi wa magana, domin tambayarsa ta biyu ce ta fi damuna.

Ɗana, ka san labarin Hudaibiyya. A shekara ta 6 bayan hijira Manzon Allah (SAW) ya yi mafarkin shiga Masallacin Harami shi da sahabbansa. Suka fito wajen mutum 1,400, sun ɗaura harami, sun koro dabbobin hadaya, babu wanda yake shakkar cewa za a yi ɗawafi. Suka zo har bakin Makka, Ƙuraishawa suka tare hanya. Aka yi sulhu da sharuɗɗan da a ido kamar an ci Musulmi da yaƙi: ku koma bana, ku dawo baɗi ku yi kwana uku. Ka yi tunanin mutumin da ya bar garinsu shekara shida, yana hango duwatsun Makka, a ce masa juya.

Sayyadina Umar bai iya haɗiye abin ba. Ya je ya tambayi Annabi da bakinsa, ba kai ka ce mana za mu je Ɗaki mu yi ɗawafi ba? Annabi ya ce masa haka ne, amma na ce maka bana ne? Ya ce a'a. Bai huce ba, ya tafi wajen Sayyadina Abubakar ya sake yin tambayar, ya sami amsa iri ɗaya. Kai, da aka ce su yanka dabbobinsu su yi aski, baƙin ciki ya hana kowa motsi, sai da Ummu Salama ta ba da shawara Annabi ya fita ya yi nasa ba tare da ya yi wa kowa magana ba, sannan suka tashi. Waɗannan su ne mafifitan al'umma. In zuciyarsu ta yi zafi a kan an hana su Ka'aba, kai wane ne da za a ce taka ba za ta yi ba? Zafin zuciya ba saɓo ba ne. Saɓo shi ne harshe ya tuhumi Allah, ko ka yanke ƙauna daga rahamarsa. A hanyar komawa aka saukar da Suratul Fathi, aka kira wannan juyawar buɗi mabayyani. Shekara biyu bayan nan suka shiga Makka su 10,000.

Ɗan Fari:
Allah ya gafarta Malam, na ji sanyi. Ban taɓa lura da cewa Sayyadina Umar sau biyu ya yi tambayar ba.

'Yar Damagaram:
Malam a gafarce ni, ɗaliba ce ni. Labarin nan duk lokacin da aka kawo shi ana ƙarewa ne da cewa baɗi sun je. Amma ai tsakanin Hudaibiyya da umarar da aka rama an yi yaƙin Khaibar, kuma akwai sahabban da suka yi shahada a can. Wato akwai wanda aka ce masa "baɗi" kuma baɗin ba ta same shi ba. Ina faɗin haka ne domin kakata ta yi shekara goma sha ɗaya tana adashi da kuɗin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa a nan Zinder, ta rasu saura kaɗan ya cika. Mutane suka yi ta ce mata mai haƙuri shi ke dafa dutse har ya sha romonsa. Ta dafa, ba ta sha ba, a nan duniya dai. Ina tsoron mu riƙa yi wa mutane alƙawarin da Allah bai yi musu ba.

Maman Khalifa:
Subhanallahi. Yarinya ki iya bakinki.

Malam na Bakin Kasuwa:
A'a Hajiya, ƙyale ta, ta fi ni gaskiya a nan kuma na karɓa. Haƙuri ba ciniki ba ne, da za ka ce na biya shekara shida, a miƙo mini kayana. Babu inda aka ce duk wanda ya jira zai sami ainihin abin da ya jira. Abin da aka yi alƙawari shi ne ladan masu haƙuri ba shi da ma'auni. Kuma ga kakarki da Baban Ɗan Fari akwai wani abu. A tafiyar Tabuka Annabi ya gaya wa sahabbai cewa akwai mutane a Madina da ba ku keta wani kwari ba face suna tare da ku, uzuri ne ya tsare su. Hajji kuma Alƙur'ani ya ɗora shi ne a kan wanda ya sami iko. Wanda ya sayar da fadamarsa ya miƙa kuɗi, hanya ta toshe ba da hannunsa ba, babu bashi a wuyansa.

Ku tuna Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Tun yana saurayi yake begen zuwa, har ya yi waƙar begen Madina da Larabci. Malaminsa Jibrilu ɗan Umaru ya tafi, shi bai bi shi ba. Ya rasu a Sakkwato a 1817 bai je ba. Wa zai ce Shehu ya yi asara?

Alhaji Sabo Sabo:
Ni na je a 2024. Wallahi zafin da aka yi ban taɓa ganin irinsa ba, ma'auni ya haura 51 a Makka, mutum sama da 1,300 suka rasu. Na ga tsofaffi suna zubewa a hanyar jifa. Ɗan Fari ka gode wa Allah, da Baba ya je shekarar da gwiwar nan tasa, wa ya sani. Wani hanin ga Allah baiwa ne.

'Yar Damagaram:
Alhaji, waɗanda suka rasu da harami a jikinsu fa? Su Allah bai so su ba ne da bai hana su ba? Ni dai ina ganin mu daina yi wa Allah fassarar dalilansa. Ba mu san don me ya hana wannan ya bar wancan ba. "Ban sani ba, amma na yarda da Shi" ta fi mini "ai don kaza ne ya hana ka."

Alhaji Sabo Sabo:
Ni dai lallashi na yi niyya.

Mai Kula da Zaure:
An fahimta Alhaji. A ci gaba cikin mutunci don Allah. Wanda ya turo tallar turaren wuta na goge, nan ba wurinsa ba ne.

Jikan Takari:
Salamu alaikum. Ni daga Sudan nake, ku yi haƙuri da Hausata, ta gida ce da muka gada. Na daɗe ina karatu a zauren nan ban taɓa magana ba, yau dai sai na yi.

Kakana daga ƙasar Haɗeja ya fito da ƙafa, shi da matarsa da jaki ɗaya. Ba maganar kujera a lokacin. Hanyar ita ce Borno, a ƙetare zuwa Fort Lamy wadda yanzu ake kira Njamena, a bi ta Abeshe, a shiga Darfur ta Jinaina, a wuce El Obeid, har bakin Nilu. In guzuri ya ƙare sai a tsaya a yi noma ko ɗinki ko a koyar da allo, a tara, a ƙara gaba. Mahaifina a hanya aka haife shi. Da suka iso yankin Jazira na Sudan suka tarar da aikin auduga, suka zauna suna tara kuɗin jirgin ruwa daga Sawakin zuwa Jidda. Kakana ya ce shekara bakwai ya yi tsakanin fitowarsa da ganin Ka'aba. Wasu abokan tafiyarsa an binne su a Wadai ta ƙasar Chadi, wasu sun zauna ba su ƙarasa ba kuma ba su koma ba. Garuruwa irin su Mai Wurno, wanda ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903, cike suke da jikokin mutanen da suka fito da niyyar gabas.

Abin da nake so in ce, su ba su ɗauki shekarun hanya a matsayin lokacin da ya lalace ba. A ciki suka yi aure, suka haihu, suka sauke Alƙur'ani. Har ya rasu in an tambayi wani abokinsa da bai ƙarasa ba, cewa yake "muna kan hanya." Da muna yara dariya abin yake ba mu.

Yanzu na daina dariya. Na gina shago a Wad Madani, na sa ranar aure, yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023, a Disamba ya iso garinmu, muka fita da kayan jikinmu. Ban san ranar komawa ba. In na ce muku kullum zuciyata a kwance take na yi ƙarya. Amma na koyi gyaran waya a inda muke gudun hijira, ina ci da mahaifiyata da shi. Ɗan Fari, gaishe mini da Baba, ka ce masa wani jikan masu tafiyar ƙafa ya ce yana kan hanya.

Maman Khalifa:
Wayyo Allah. Allah ya kawo muku zaman lafiya, ya mayar da ku gidajenku. Har na yi hawaye.

Ɗan Tsangaya:
Amin ya Hayyu ya Ƙayyum.

Mai Lissafi:
Amin. Kuma ku lura da abin da ɗan'uwanmu ya faɗa: in guzuri ya ƙare tsayawa suke su yi noma. Ba zama suke a gindin bishiya suna jiran kira ba. Ɗan Fari, tambayata gare ka, miliyan huɗun nan ina take yanzu?

Ɗan Fari:
Ta farkon tana hukuma tun 2019, Baba ya hana a taɓa. Ya ce kuɗin da ya ba Allah ba zai karɓo ba. Sauran tana asusuna a banki.

Mai Lissafi:
To ka ga inda gizo ke saƙa. Kuɗin da ke kwance a naira kankara ce a rana. Da bijiman nan biyu aka bari suna kiwo, ko aka sayi wasu da kuɗin, da yau farashinsu ya bi kasuwa ya hau. Ba ina zargin Baba ba ne, babu wanda ya san haka za ta faru. Amma yanzu an sani. Annabi ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure sannan ya yi tawakkali. Ɗaurin raƙumin zamaninmu shi ne kada ka bar guzurinka a abin da ke narkewa.

Direban Tifa:
Shanun ma ai ana sacewa. Ƙanin babana garke guda aka kore masa a dare ɗaya. Wanda ya ajiye a banki ya yi kuka, wanda ya ajiye a turke ya yi kuka. Ina za a kai?

Mai Lissafi:
Ban ce akwai inda babu haɗari ba. A raba ƙafa: kaɗan a kiwon gida na turke, kaɗan a hatsi lokacin kaka, in mata ne zinari. Sauran a bar wa Allah. Nan ne wurin tawakkali, bayan an gama abin da hannu zai iya.

Maman Khalifa:
Ni duk wannan lissafin bai dame ni ba. Maƙwabciyata ko sisi ba ta ajiye ba, wanke-wanke take a gidan biki, wani bawan Allah ya biya mata. Wani kuma yana da kuɗin kujera goma bai taɓa zuwa ba. In ba kira ba mene ne wannan?

'Yar Damagaram:
Wannan kam Mama ban musa miki ba. Na ga irinsa.

Malam na Bakin Kasuwa:
Ɗan Fari, abu ɗaya nake so ka gyara wa Baba cikin ladabi, ko ka sami wanda yake jin nauyinsa ya gaya masa. Kuɗin da aka ajiye a hukuma ba sadaka ba ce da za a ce an ba Allah an karɓe. Ajiya ce, mallakinsa ce. In ya ga maslaha ya fitar ya juya ta, niyyarsa ba ta warware ba. Kuma ka tambaye shi abin da shi yake so. Mun yi ta magana a kansa tun safe, babu wanda ya ji ta bakinsa. Wataƙila kai ne abin ya fi ci, ba shi ba.

Ɗan Fari:
Na dawo. Jiya bayan isha'i na zauna da Baba, na karanta masa wasu daga cikin maganganunku. Na ɗan'uwanmu na Sudan sai da ya sa na maimaita, ya ce a garinsu ma akwai gidan da har yau ake kira gidan masu gabas, sun tafi tun kafin a haife shi ba a sake jin ɗuriyarsu ba.

Na tambaye shi ko abin yana damunsa. Ya yi shiru, sannan ya ce shekarar 2022 ce kawai ta yi masa ciwo, da ya raka abokinsa sansanin alhazai ya dawo gida shi kaɗai a motar haya. Ya ce ranar bai ci tuwo ba. Ban taɓa sani ba, mu ya nuna mana kamar ba komai. Ya ce amma fadamar ta fi Makka yawan zo masa a mafarki, abin da ya ba mu dariya mu duka.

Ya yarda a sayi 'yan maruƙa da kuɗin da ke wurina, a ɗaure a bayan gida, shi zai riƙa kula da su tunda zaman banza ya ishe shi. Na hukuma dai ya ce a bar shi inda yake, sunansa na cikin littafi, kada a goge. Ban ja da shi ba. Sannan ya ce in rubuta a takarda, in ta Allah ta kasance kafin ya je, a yi masa da kuɗin. Malam, wannan ya halatta?

Malam na Bakin Kasuwa:
Ya halatta. A mazhabarmu ta Malikiyya in mutum ya yi wasiyya a yi masa Hajji ana zartarwa daga sulusin abin da ya bari. Ku sa shaidu biyu su sa hannu. Zai fi kyau wanda zai je ya kasance ya riga ya sauke nasa farali. Allah ya sa da ƙafarsa zai je.

Ɗan Fari:
Amin Malam. Masu sanin kasuwa, Wudil ko Maigatari, ina ya fi sauƙin maruƙa yanzu?

Direban Tifa:
Maigatari, ranar Alhamis. Ka je da wanda ya san haƙori, kada dillalai su haɗa ka da mai ciwon hanta. In ka shirya ka yi mini magana, akwai yaronmu da ke dawowa da mota ba kaya.